Sikelin Baba Ya Daina Magana

Anti, don Allah ki taimake ni, abin ya tsaya min a wuya, ko abinci ba ya min daɗi.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani da ke ƙera sikelin zamani na shaguna. Aikina shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda muke kira kanel. Mahaifina ƙusa yake sayarwa a kan awo, kuma idonsa ya yi rauni sosai. Saboda shi na rubuta wani sashe a cikin kanel ɗin, wanda idan aka jona wa sikeli ƙaramar lasifika zai faɗi nauyin kaya da baki. Da wannan Baba ya ci gaba da zama a shagonsa ba tare da ya roƙi kowa ya duba masa lamba ba.

Ina da aminiya a wurin aikin. Ni na kawo ta, teburinmu ɗaya, a gidanmu take cin abincin rana, ita ma Baba take ce masa. Ina hutun haihuwa aka ce kanel ya yi ƙiba, ba ya shiga ma'adanar sababbin sikeli masu araha. Sai aminiyar tawa ta mayar da duk abin da ba dole ba ya zama zaɓi, wanda sai an kunna shi lokacin haɗa manhaja. Har da sashena, kuma ta bar shi a kashe. Ƙa'idarmu ita ce ba a taɓa sashen mutum sai an nuna masa. Ta zo barka, ta ɗauki jaririna, ta yi masa wasa, ba ta ce min uffan ba.

Da sabuwar manhajar ta sauka a kan sikelin da ke shaguna, sikelin Baba ya yi gum a gaban masu saye. Ya ɗauka kunnensa ne ma ya fara tafiya. Ya rufe shago ya dawo gida, ya ce wa Mama lokacin zamansa a gida ya yi. Anti, wannan maganar ce ta fi ƙona min rai. Ita kuwa da na tuhume ta, sai ta ce ai ba ta goge ba, kashewa kawai ta yi. Yanzu gaisuwa ma da ƙyar. In kai ƙararta wurin oga ne, ko in bar aikin?

'Yar mai ƙusa

*

'Yata, Allah Ya raya jariri, Ya ƙara wa Baba lafiya.

Na tambayi masu sana'arku, sun ce aikin da ta yi daidai ne. Ba a ɗora wa kowane sikeli kayan lasifikar da ba shi da ita, kuma da kanel bai rame ba, da masu ƙananan shaguna ba su samu mai araha ba. Ki ba ta wannan.

Inda ta yi laifi biyu ne. Ta kashe abin a na'urorin da suka riga suka dogara da shi, sannan ta yi shiru. Ina zaton tsoron ɓata miki rai kina jego ne ya rufe mata baki, amma tsoro ba hujja ba ne.

Kada ki bar aiki, kada ki fara da oga. Ku zauna ku biyu, ki faɗa mata abin da Baba ya ce wa Mama, kalma da kalma. Sannan ku fitar da manhaja iri biyu, ƙarama ga sababbi, mai murya ga masu lasifika, domin ba Baba kaɗai ke da raunin ido ba. Idan ta ƙi, to a lokacin ne oga zai ji.

Amma kafin komai, gobe ki kunna sashen, ki ɗora wa sikelin Baba, ki gaya masa kunnensa lafiya lau. Idan aminiyar gaske ce, ita za ta riƙe masa ƙusar gwaji. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya sa Baba ya buɗe shagonsa da safe.