Facin da Baba Ya Yi wa Ƙwaurinsa

Zuwa ga 'yata malamar asibiti,

Gaisuwa mai yawa, ke da marasa lafiyarki. Wayata ta faɗa bahon gwada taya, shi ya sa kika ga wannan rubutun kazar a hannun direba.

Shekaranjiya ina kokawa da tayar tifa, ƙarfen ɓamɓarewa ya kuɓuce ya nutse a ƙwaurina. Jini kamar an buɗe famfo. Mai facin tsallaken titi, wanda ya janye min rabin kwastomomi, ya rugo wai zai kai ni asibiti a babur. Na ce ya koma rumfarsa, ban mutu ba tukuna. Ni da na tsufa ina toshe huda, tawa ce za ta gagare ni? Na goge da fetur, na shafa gam, na manna roba. Ko ɗigo bai ƙara fita ba.

Sai dai ƙafar ta kumbura kamar na cika mata iska, ina ta rawar sanyi, Mamanki kuma ta ce ɗakin na wari. Wace ƙwaya zan saya?

Babanki, likitan taya.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Innalillahi! Faci, Baba? A jikin mutum?

Rauni mai zurfi da datti wanke shi ake yi sosai da ruwa mai tsabta, a bar shi ya fitar da abin da ke ciki. Kun rufe tsatsa da ƙasa a cikin nama. Zazzaɓin nan da warin, ruɓewa ce ta fara. Ba maganar ƙwaya ba ce, maganar ƙafa ce, a yanke ko a bari.

Kuna karantawa ku tafi ɗakin taimakon gaggawa. Ko a bayan babur ɗin waye. Na nemi izini, ina tafe gobe.

'Yarku.

*

'Yata,

Da fatan kin koma aiki lafiya. Ƙafa tana nan, na ƙirga yatsun, biyar.

Kin ga lokacin da likita ya ɗaye robar ya yi salati, ya kira abokan aikinsa su zo kallo. Kin ga naman da suka yanke, da ramin da suka bari a buɗe ana cusa bandeji kullum ina kiran uwata. Amma akwai abin da ke da Mamanki kuka ɓoye min. Yau mai wankin ciwon ta yi suɓutar baki: ledar jinin da aka ƙara min, ta mutumin tsallake ce. Shi ne ma ya kawo ni asibiti da na suma.

Jininsa ke yawo a jikina, har na fara jin ina son rage wa mutane farashi.

An ce in fara takawa mako mai zuwa. Tafiyar farko, titin nan zan tsallaka in gode wa mai facin can. A sake ɗaye robar ma ya fi min sauƙi.

Babanki.