Makullin Lambu Ba Na Muniru Ba Ne

Bismillahi. Ni Zaituna Ladan, mazauniyar unguwar Morris Heights a nan ƙasar Turawa, na rubuta wannan ga 'ya'yana Muniru da Ruƙayya, a watan Oktoba na 1997. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne.

1. Maganar ɓauren da ke filin nan na bayan gidanmu. Mahaifinku ne ya kwashe shara da fasassun kwalabe daga filin nan da hannunsa, ya dasa shi a 1988. Bayan rasuwarsa, dusar ƙanƙarar 1993 ta danne rassa biyar, suka tsage suka kwanta ƙasa. Ba ni da ƙarfin ja, na ƙyale su. Da ɗumi ya dawo, kowane reshe ya kafa saiwa inda ya faɗi, ya miƙe ya zama bishiya. Har daga babban titin Grand Concourse ake zuwa kallo.

2. Muniru, ina kwance a asibiti ka sare biyu don ka samu wurin ajiye tasinka. Sannan ka zauna bakin gadona ka ce sanyi ne ya kashe su. Sanyi a watan Yuli? Na dogara sanda na je, na ga bakin zarto da idona. Ni da na goya ka, ni ka mayar sakarya?

3. Don haka makullin lambu na maƙwabciyata Akosua ne. Shekara huɗu tare muke naɗe bishiyoyin nan da tsofaffin barguna kafin sanyi ya shigo, ba ɗayanku da ya taɓa riƙe mana igiya. Filin na hukuma ne, ba gado ba ne, kada a kai ta ƙara wurin liman.

4. Sauran kayana a raba yadda Allah ya ce.

5. Muniru, wata uku ba ka amsa sallamar ƙanwarka saboda ta faɗa mini gaskiya. Kai za ka taka zuwa gidanta, ba ita ba. Ke kuma Ruƙayya, in ya zo ki ba shi ruwa, ki riƙe bakinki, na san kaifinsa.

Allah ya yi muku albarka, ku da jikokina. Ba ku da kowa a ƙasar nan sai juna, ku riƙe zumunci ko da ranku ba ya so.

Muniru, saran na yafe. Ƙaryar kuwa sai ka zo da bakinka. Ka yi sauri, likita bai ba ni lokaci mai tsawo ba.