Rijiyar da Na Haƙa da Hannuna

Lahadi, 2 ga Maris

Ta ci! Jikata ta ci zaɓe! 'Yar majalisa! Na taka rawa har hulata ta faɗa kwata. Yarinyar da ta yi shekaru a ɗakin gwaji tana auna ruwa a kwalba. Allah ya saka wa malamin makarantar dare, ga shi da hannuna nake rubutawa.

Rigimarmu guda ce. Wai dafin kamfanin batir ya malalo cikin rijiyar unguwa, shi ke kashe yara, sai ta rufe ta. Rijiyar da na haƙa da hannuna! Na ce amaryata, da ruwan nan aka yi miki wankan farko. Ta ce, "Ango, lokacin babu kamfani."

Laraba, 5 ga Maris

'Yan daban mai kamfani sun farfasa ɗakin gwajin, suka cinna wuta. Sun sari maigadi a kafaɗa, har ƙashi ake gani.

Juma'a, 7 ga Maris

Da rana tsaka suka ja jikata har bakin rijiya. Wai ta sha a gaban jama'a, ta ce ruwan lafiya lau. Ta datse baki. Suka zabga mata gora, haƙora biyu a ƙasa. Ta tofar da jini, ta ce su kai wa 'ya'yansu ruwan.

Na rafka wa ɗaya ƙotar diga. Suka tattake ni, haƙarƙarina har yanzu ciwo yake.

Babbansu na haki, gumi sharkaf. Ina kwance na tura masa guga, na ce sha mana, ɗan nan. Ya ja da baya kamar ya ga maciji. Ruwan gora ya ɗauko a mota. Kowa ya gani. Sai jifa ta ko'ina, suka tsere.

Asabar, 8 ga Maris

Asibiti. An ɗinke mata leɓe. Na ce na fasa auren, ba na son mai giɓi. Dariya ta fama mata ciwo.

Talata, 11 ga Maris

An sallame ta. Ta ce da giɓinta za ta yi rantsuwar kama aiki.

Tun safe nake kwaɓa siminti. Ba wai na yarda da kwalabenta ba ne. Bakin rijiyar ne ya tsufa, kada yaro ya faɗa. Ruwan kwaɓin ma daga famfon asibiti na sa aka ɗebo, haka kawai.

Ni na haƙa, ba wanda zai rufe min. Murfin ya zauna daram, ko allura ba ta shiga. Na aika gida-gida, har ƙofar kamfani: kowa ya zo ya gani!