Kabarin Esuon a Bakin Teku

Dogbekope, bakin teku

Zuwa ga Ekow Dadzie, a masaukin baƙi na Keta.

Ina gaishe ka, don uwata ba ta koya mini fara magana babu gaisuwa ba. Ina gaida Maame Araba da sauran 'yan motar, har da direbanka mai kunnen ƙashi. Malamin cocin ƙauyen nan ne yake rubuta mini, na kuwa ce masa kada ya zuba wa maganata sukari.

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ni da kai da Kobina Esuon muka baro Shama a jirgin ruwa ɗaya muka zo kamun kifi wannan gaɓar. Ka tuna, ko Jamus ta wanke maka kai? Teku ta kife mu a bakin mashiga. Ni da kai muka fita, Esuon bai fito ba sai washegari da ruwa ya ajiye shi a kan yashi. Gida da nisa, ga zafi, babu ƙanƙara. Muka yanki gashinsa da farcensa don a binne a Shama, shi kuma muka sa shi a nan ƙarƙashin kwakwa, a gefen da mutanen ƙauyen suke ba baƙi. Kai ka riƙe kai, ni na riƙe ƙafafu.

Da ka dawo daga Jamus da tumbi da hular rana, ka ce tsofaffin abokai su shiga mota a tafi hutu. Ni ban san wani abu hutu ba, amma ka ce za a bi bakin teku har Wida, sai na ce to, ashe za mu ga Esuon. A Edina mun shiga tsohon gidan Turawa, aka nuna mana ɗakunan da aka tsare bayi, kuka yi ta share hawaye saboda mutanen da ba ku san sunansu ba. Ban hana ku ba. A Oguaa ka ɗauke ni hoto kusa da igwa kamar wani soja. A Apam kun ci ƙaguwa har kuna kwance zani. Duk na haƙura.

Sai ga mu a mararrabar Dogbekope. Na ce, “Direba, dama.” Ya dube ka ta madubi, ka girgiza masa kai. Na gani, Dadzie! Idona bai mutu ba tukuna. Na ce, “Ku da kuka yi wa baƙi kuka a Edina, naku fa?” Ka ce, “Egya, zauna, abincin rana na jiranmu a Keta.” Abincin rana! Shi ya sa na buɗe ƙofa mota ba ta gama tsayawa ba, kuma ko yau aka sake haka zan yi.

To ga abin da na tarar. Kwakwar da muka yi alama da ita tana kwance cikin ruwa, saiwarta a sama. Kaburburan da ke gaban nasa babu su. Tsakanin Esuon da teku bai fi tsawon jirgi ba, kuma wata ya doshi cika. Kai masunci ne kafin ka zama Bature, ka san abin da teku take yi in wata ya cika.

Na je wurin Togbi, sarkin masuntan ƙauyen, na ce a ba ni maza mu mai da shi kan tudu. Ya ce a garinsu hannun da ya sa gawa shi yake fitar da ita, kuma tunda mu biyu muna raye sai mun tsaya mu biyu. Na ce masa a wurina ka mutu. Ya ce bai ga kabarinka ba.

Saboda haka ka zo. Ba roƙonka nake yi ba. Mai kifin da ta kawo maka wannan takarda za ta dawo jibi, ka biyo ta.

Ka huta lafiya, tunda hutu ka zo.
Kweku Bentsil

*

Keta

Zuwa ga yayana kuma abokina, Egya Kweku Bentsil.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, takardarka ta iso, na karanta, zagin ma ya iso bai zube a hanya ba. Ka bar maganin ƙafarka a ƙarƙashin kujera, ga shi nan na ba mai kifi. Ka riƙa shafawa.

Ban manta da Esuon ba. Nauyin kansa yana tafin hannuna har gobe. Amma akwai abin da ban gaya maka ba. Ranar da na je gayyatar Maame Araba tafiyar nan, ta ce za ta zo da sharaɗi ɗaya: kada mota ta tsaya inda mijinta Esuon yake, kada kuma ni in je. Na ba ta hannu a kan haka. Na ɓoye maka ne don na san da ka ji sai ka tara mini Shama gaba ɗaya a ƙofar gida.

Egya, ka dubi matar nan kuwa a hanya? Tun da Esuon ya tafi take ƙyafe kifi ta juya wa teku baya. A Apam ta tattare zani ta shiga ruwa har gwiwa, tana dariya kamar yarinya. Kai ba ka gani ba, kana can kana gaya wa direba sunan wanda ya nutse a wurin. Haka ka yi mana tun daga gida. Duk ƙauyen da muka shiga, mutane na cewa ku dubi jirage, ku dubi kyan yashi, kai kuma, “A nan wane ya tafi, a nan aka tsinci wane.” Mun fito shan iska ka mai da motar ta ɗaukar gawa. Ranar da ka dira daga mota, Araba ba ta taɓa abincin da kake yi mini gori a kansa ba.

Batun teku ya tayar mini da hankali, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma alkawarin na mai rai ne, kuma ita kaɗai za ta kwance shi. Ni ba zan buɗe baki in roƙe ta ba. Gobe za mu ƙetara Lome, daga nan Aneho, mu kwana biyu. Ka zo ka same mu, kujerarka tana nan, har yanzu ba wanda ya yarda ya zauna a kanta.

Naka har kullum,
Ekow Dadzie

*

Dogbekope

Zuwa ga Maame Araba, matar ɗan'uwana, a Aneho.

Ina gaishe ki, ina gaida ƙafafunki da aka ce sun koyi shiga ruwa. Tunda Dadzie ya ɓuya a bayan zaninki, da ke zan yi magana.

Jiya teku ta ɗauke kabarin da ke jikin nasa. Ina tsaye. Wani Bayarabe ne mai gyaran injin jirgi, ba wanda ya san danginsa, yara suka tsinci haƙarƙarinsa suna wasa da shi sai da na kore su da sanda. Haka kike so a yi da mutumin da kika haifa wa 'ya'ya?

Esuon ba shi da kowa yanzu. 'Yan ɗakinsu sun ƙare, ɗan 'yar'uwarsa da ya gaje shi bisa al'adarmu yana Abijan, bai san ma sunan ƙauyen nan ba. Ni ne na san inda kansa yake da inda ƙafarsa take. In na yi shiru shi ke nan, kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ban ce ki zo ba. Ki ci dokununki, tuwon masarar nan, da soyayyen kifi, ki kalli gidajen Turawan da suka mutu. Kalma ɗaya nake nema: ki saki Dadzie. Mace ta ɗaure namiji da alkawari a kan kabarin mijinta, ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, kuma na daɗe.

A gaida mutanen hutu.
Kweku Bentsil

*

Aneho

Zuwa ga Egya Bentsil.

Ina amsa gaisuwarka, da ƙayar da ke cikinta. Dadzie ne yake rubutawa, kuma zan sa wani ya karanta mini bayan ya gama, don in ya rage gishiri in sani.

Mijina? Yau ne ya zama mijina? Ranar da kuka dawo da ɗan ƙullin gashi da farce, na ce ku kai ni in ga inda kuka sa shi. Kawunsa ya ce a al'adarmu gawa ta dangin uwa ce, mata ba ta da gawa. Kana wurin, Egya, kana zaune a kan turmina. Aka aske mini kai, aka zaunar da ni a tabarma, aka hana ni cin abinci da rana tsaka. Kafin in tashi daga tabarmar sun raba tarunsa da rabonsa na jirgi. Aka bar mini yara da murhu. Shekara nawa ina roƙo a kawo ni Dogbekope, kowa ya ce ba yanzu ba, hanya da nisa. Sai da na daina so, na binne shi a cikina na daddale, sannan za a kawo ni a motar shan iska in tsaya in yi muku kuka ku ji daɗi?

Kuma kada ka ce mini in ka yi shiru an manta da shi. Kai ka san inda ƙafarsa take. Ni na san yadda yake tari in ya tashi, na san ba ya cin dokunu sai ya kwana, na san ƙaryar da yake yi in ya sha. Kai kana tuna shi a bakin mutane, ana cewa Egya Bentsil ba ya mantuwa, ana zuba maka barasa a wurin makoki. Ni na tuna shi da hayaƙi a ido, har idon ya lalace.

Tun da uwata ta haife ni ban taɓa kwana a gadon da wani ya gyara mini ba sai a tafiyar nan. Ban taɓa cin kifin da ba ni na kankare shi ba. Jiya wata yarinya ta kawo mini ruwan wanka har ƙofa ta ce, “Mama, ya yi zafi?” Na rufe ƙofa na zauna a bakin gado na rasa abin da zan yi da hannuwana. Wannan ɗan abin ne ka kasa bar mini.

Amma maganar yaran nan da haƙarƙari ta hana ni barci, Allah ya saka mini. Na saki Dadzie. Ba don kai ba. Tun da takardarka ta farko ta zo yake zaune mini da fuska kamar an jiƙa gari, ya ƙi ci ya ƙi magana, gara ya tafi can ku ƙarata. Ni Wida za ni, sai na ga ƙarshen hanyar nan.

Na san ka. Za ka tone shi, ka dawo Shama ka kafa kujera a ƙofar gidana ka ba ni labarin kowane ƙashi, wanda ya karye da wanda ya saura, har in mutu. To ka zo. Na saba da hayaƙi.

Ka shafa maganin ƙafarka, tsoho mai taurin kai.
Araba

*

Dogbekope

Zuwa ga Maame Araba, a Wida.

Ina gaishe ki. Malamin coci ya karanta mini takardarki, ya kai tsakiya ya ce ko ya tsaya, na ce wa ya ce ka tsaya.

Dadzie ya iso da hularsa. Mun yi faɗa a gaban Togbi har sai da ya ce ko gawar ce za ta raba mu. Ruwa ya riga ya ci gefen ƙafafu, mun tare da buhunan yashi, sun riƙe zuwa yanzu.

Har yanzu ina cewa ba a wuce kabarin aboki don abincin rana, kuma da wannan maganar za a binne ni. Amma ke ba ki san ni ba kamar yadda kike tsammani. Ba zan kafa kujera a ƙofarki ba. Abin da idona zai gani a ramin nan, da inda za mu sa shi, ba za ki ji a bakina ba, kuma na gaya wa Dadzie in ya faɗa zan fasa masa abin ɗaukar hotonsa. Ranar da kika tambaya, ni da kaina zan kawo ki, ko a goye. In ba ki tambaya ba, shi ke nan. Ban taɓa riƙe labari a ciki ba, ban san ko zai kashe ni ba.

Ki ci kifin Wida, ki ce su ƙara yaji, mutanen can ba su iya ba.

Gobe Talata, ranar da al'ada ta hana shiga teku, mazan ƙauyen duk suna tudu. Da gari ya waye zan tashi Baturen nan Dadzie ko da ruwan sanyi, in ba shi shebur. Shi zai kama kai, ni ƙafafu, abin da ya rage na ƙafafun.

Kweku Bentsil