Wa Zai Yashe Min Jijiyoyi

Daren Laraba, Jambutu.

Shekara da shekaru ina cewa jini ne ya yi min yawa, ba mai saurarona. Yau ma Dija 'yata ta hana wanzami yi min ƙaho, ta ja ni asibiti. Likitar ta ce, "Baba, jininka bai yi yawa ba, jijiyoyin da yake bi ne suka matse, zuciya na turawa da ƙyar." To ni da na yi noman rani a Ngurore, in hanyar ruwa ta toshe, yashewa nake yi da fartanya. Ƙwaya ɗaya da likitar ta ba ni ce za ta yashe wannan? Ita yayana ya sha, ɓarin jikinsa ya shanye. Ga hannuna na hagu ya fara nauyi. Gobe sai wani ya ba ni amsa, in ba haka ba wanzami zai dawo.