Ba Kunyar Ɗan Fari Ba Ce

Korgom, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Kubra,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Mayahi. Nan lafiya, ɗinkin ma ya kame.

Yaya, abin da na kasa faɗa a waya shi zan rubuta, don Inna ba ta barin gefena. Tun ranar da haihuwa ta gardama, aka kwashe ni zuwa Tasawa aka yi mini aiki, ban dawo daidai ba. Ranar suna da aka kayar da rago, maza suka danne shi, sai na gan ni bisa gadon asibitin nan, fitila a idona, ana riƙe da hannuwana. Da ƙyar na kai ɗaki.

Abin da ya fi ci mini rai yaron ne. In na dube shi gabana ya faɗi, jikina ya ɗauki rawa. Nono ma ina ba shi fuskata na bango. Mata kuwa sai yabo, wai an daɗe ba a ga mai kunyar ɗan fari irina ba. Inna har tutiya take da ni. Ina kunya a nan! Wallahi tsoro ne.

Ranar awo sajfam, ungozomar asibiti, ta tambaye ni ko abin yana dawo mini, ko ina gudun abin da ke tuna mini shi. Wai duk wadda aka yi wa aikin gaggawa ana tambayarta. Inna na zaune, na ce lafiya lau. Ta ce in koma Alhamis. In na faɗi gaskiya, ba za a ce na zautu a raba ni da yaron ba? Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Sa'adatu

Korgom, ranar Asabar

Yaya Kubra,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na bi maganarki. Na roƙi Inna ta tsaya waje, na faɗa wa sajfam komai ina kuka. Ta ce ciwo ne sananne, yana da magani, ba mai raba ni da ɗana. Za ta haɗa ni da likita a Tasawa. Inna ta ji, ta daina yabon. Yanzu in zan ba shi nono sai ta zauna ta dafa bayana.

Rawar jikin tana nan. Amma jiya na daure na dube shi har ya ƙoshi. Yaya, ashe kunnuwan marigayi Baba gare shi. Duk gidan nan an sani, ni kaɗai ce ban sani ba.

A gaishe da yara.

Taki,
Sa'adatu