Takalman Auta a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwa? Inna tana gaisuwa. Idon dai sai a hankali, yanzu ko hasken taga da ƙyar take gani.

Na zaɓi rubutu ne don a waya kuka ke cin ƙarfina, ke kuma kina da saurin cewa “to, sai an jima”. Yaya, na kai ƙanenki kotu, ina neman a raba aurenmu. Lauyata ta ce hujja biyu alƙali zai saurara: ko in tabbatar ya ci amanar aure, ko in tabbatar ya ƙaurace mini. Ta farko ba ni da shaida sai jita-jita. Ta biyu na ɗauka ba ta buƙatar dogon bayani, tunda rabonsa da kwana a gidan nan tun kafin a yi wa Inna aikin ido.

Ashe da hannuna na haƙa wa kaina rami. Kin tuna ranar da ya kwashe kayan aikinsa na gyaran wuta ya tafi, kika ce in rufa masa asiri, kada Inna da maƙwabta su gane? Na rufa har na wuce gona da iri. Kullum takalmansa suna bakin ƙofa, ina goge su, ina sauya musu zama. Duk ranar wanki sai na shanya rigunansa a baranda. Da suka koɗe, na zauna bayan an tashi a wurin ɗinkinmu, na ɗinka sababbi, na shanya.

Jiya aka kira maƙwabta su ba da shaida a kotu. Mai shagon ƙasan bene ya rantse mutumin yana gida, aiki ne ke fitar da shi da sassafe. Matar direba ta ce, “Ranka ya daɗe, ko makon jiya na ga sabuwar rigarsa a igiya.” Ba ƙarya suka yi ba, abin da na nuna musu suka faɗa.

Ke kaɗai kika san inda yake da wadda yake zaune da ita. Don Allah ki zo ki faɗa. Ki huta lafiya.

Taki,
Amarya

Amaryarmu,

Wa’alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta har shayina ya huce a gabana. Kowa lafiya, ban da gwiwar nan da ta rantse sai ta riga ni shiga kabari.

Yanzu ke ce har da kotu? Ke da ko mai tumatir ba kya iya yi wa musu? Wa ya zuga ki?

Ban ce Auta ya kyauta ba. Tun yana yaro haka yake, in ya fasa kofi sai ya ɓuya har a share wurin. Amma ciki ɗaya muka fito. In tsaya gaban alƙali in tona shi, da wane ido zan kalli dangi? Kuma ni cewa na yi ki rufa asiri, ban ce ki buɗe masa shagon ɗinki ba.

Sannan ki tuna da Inna. In aka raba auren nan, wa zai riƙe ta? Ke kika san lokacin maganinta, hannunki kaɗai take yarda ya yi mata wanka. Gidana kin gan shi, yara a kan yara, ga bene. Ki ƙara haƙuri, namiji yana gajiya da yawo. Kome ake ciki, kada maganar nan ta shiga kunnenta.

Allah Ya sanyaya miki zuciya.

Yayarki

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya ba da sauƙin gwiwa.

Ƙanenki ya zo kotu. Ya yi ƙiba abinsa. Ya gaishe ni kamar wadda ya taɓa gyara wa fanka. Ya ce wa alƙali yana gidansa, bai saki matarsa ba, ba kuma zai saka ba. Da aka tashi ya hau babur ya wuce, ko tambayar jikin Inna bai yi ba. A hanya na gane abin da ku biyu, ke da shi, kuke riƙewa: ba auren ba ne, mai jinya ce. Abin ya yi mini ciwo, Yaya, naki ma ya fi nasa. Ina son Inna, Allah Ya sani, amma furfura ta fara fito mini, ba ɗa, ba miji, sai igiyar shanya.

Kin ce kada Inna ta ji. Yau da safe ina riƙe da ita za mu fita baranda, ƙafarta ta taɓa takalman. Ta tsaya, ta zura ƙafa ɗaya a ciki, ta ce, “’Yar nan, yau ma sanyi.”

Na ce, “Da wuri ya fita, Inna.”

Ta ce, “Da wane takalmin? Kullum sai na sa ƙafa in ji ko da ɗumin mutum. Ni na haife shi, ko tarinsa aka yi a ƙasan bene zan gane. Matar direba ta ba ni labarin kotu. Na yi shiru ne tun farko don ina tsoron ki tafi. Nemo mini mayafina mai kyau, ki kai ni wurin alƙalin nan.”

Na ce ta yi tunani. Ta ce ta daɗe tana yi.

Taki,
Amarya

Amarya,

Salam. Tsohuwa makauniya za ki ja zuwa kotu ta ba da shaida a kan ɗanta? Ki ji tsoron Allah.

Auta ya kira ni. Ya rantse in Inna ta buɗe baki, ranar zai turo mota a ɗauke ta a kawo mini, don waccan da yake zaune da ita ta ce ba ta san jinya ba. I, na san ta, na je gidan. Har da yaro, kamarsa sak. Kin ji abin da kike so ki ji, amma a takarda ne tsakanina da ke, ƙafata ba za ta taka kotu ba.

Inna ba za ta daɗe a hannuna ba, ke ma kin sani. Ki janye, ina roƙonki. Allah Ya ba mu mafita.

Yayarki

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna ta yi magana, alƙali ya raba auren. Motar da ƙanenki ya turo tana ƙasa tana jira, mai tuƙa ta zai ba ki wannan.

Farin magani bayan ta karya, ja in za ta kwanta. Ruwan wanka kada ya yi zafi, ki fara zuba mata a ƙafa. Ba ta cewa tana jin yunwa, sai kin lura. Na roƙa a bar mini ita, aka ce yanzu ni ba kowanta ba ce.

Akwai takalma a cikin baƙar leda, ita ta ce in saka mata a kaya. Ki ajiye su a bakin ƙofar ɗakinta, inda ƙafarta za ta same su da safe.

Ki huta lafiya.

Wadda kuke kira Amarya